Wa Zai Riƙi Yaro In Aure Ya Mutu?

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajista a makarantar ƙauye ya san wannan al'amari. Yaro yana zuwa kullum tun daga aji ɗaya har aji huɗu, ba fashi ba makara. Ran nan sai a kira sunansa a ji shiru. Kashegari ma haka, har mako ya kewayo. In malam ya tambayi 'yan ajin, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, an saki uwarsa." Daga nan ba a ƙara tambaya, sai ka ce amsar ta wadatar. In an jima hedimasta ya ɗauki jan alƙalami ya soke sunan.

Mu da aikinmu shi ne zaga makarantu muna duba rajista, mun sha ganin irin wannan jan layi a ƙasashen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Minjibir. Ba mu zo yin wa'azi kan saki ba, gama shari'a ta halatta shi, wani auren kuwa rabuwa ta fi masa alheri. Abin da ya dame mu shi ne, ranar rabuwa a kan ƙidaya kwanoni da tasoshi, a tuna da sauran sadaki, a lissafa kwanakin idda, amma ba a zama a yanke maganar yaro: ina zai kwana, wa zai ciyad da shi, wace makaranta zai ci gaba da zuwa. A kan bar wannan ga fushi, ko ga wanda ya fi ƙarfi.

Abubuwa uku da suka auku a Jihar Kano su suka sa muka ga ya kamata a ta da maganar. Cikin watan Mayu 2023 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu kan dokar kare yara ta jiha, shekara ashirin bayan dokar Tarayya ta 2003 wadda ta ce a duk al'amarin da ya shafi yaro, maslaharsa ita ce kan gaba. Cikin watan Oktoba na shekarar, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura aure 1,800 ta hannun Hukumar Hisba, bisa tsarin auren zawarawa da aka soma cikin 2012. Cikin watan Yuni 2024 kuma gwamnan ya kafa dokar ta-ɓaci kan ilmi. Mai karatu zai ɗauka waɗannan abubuwa uku ba su da haɗi. Amma fa a kan yaro guda su ke haɗuwa, watau ɗan bazawarar da za ta sake aure, wanda sunansa ke cikin rajistar wata makaranta.

Abin Da Aka Saba

A ƙasar Hausa a kan ce ɗa na uba ne. In yaro yana goye, uwa ta kan tafi da shi har ta yaye shi, sa'an nan a aiko a karɓe. In ya riga ya tasa, sau da yawa ko ƙofar gida ba ya raka ta. Uba ya miƙa shi ga kishiyar uwa, ko ga tsohuwarsa, ko ya aika da shi wurin gwaggo a wani gari. Wannan ba sabon abu ba ne. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga cikin 1954, zai ga yadda riƙo da tallafi suka yawaita a ƙasar Zazzau tun zamanin kakanninmu.

Ba mu ce riƙo mugun abu ba ne. Da yawa daga cikinmu a hannun kaka ko gwaggo muka tashi, ba mu kuwa ga komai ba sai alheri. Amma riƙon da aka shirya cikin zumunci daban, wanda aka yi don a huce haushi daban. Na farko a kan zaɓi hannun da ya fi dacewa da yaro. Na biyu a kan zaɓi duk hannun da ba na uwarsa ba.

Ita kuwa uwar me ya sa ta kan yi shiru? Wata ba ta san tana da haƙƙi ba. Wata ta sani, amma ta san in ta tafi da 'ya'ya uku gidan ubanta, rumbun da ba ya kai su damina shi zai ɗauki nauyin. Wata tana tsoron kada a ƙi aurenta, ko ɗanta ya zama agola a gidan wani. Wata kuma 'ya'yan ta bayar don ta sami takardarta. Sa'an nan ga kunya: macen da ko sunan ɗanta na fari ba ta iya faɗi, yaya za ta tsaya gaban dattawa ta ce a ba ta shi?

Abin Da Littattafan Alƙalai Suka Ce

Abin mamaki shi ne, shari'ar da mu ke bi ba haka ta ce ba. Kotunan alƙalai suna hannun En'e har 1968, sa'ad da gwamnatin jiha ta karɓe su ta mai da su kotunan yanki. Cikin 2000 suka koma kotunan Shari'a. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba al'amuran aure da rabuwa da walicin yara. Sunayen kotu sun sake, amma littattafan ba su sake ba: Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim, su ne dai aka karantar a Makarantar Shari'a ta Kano tun kafa ta cikin 1934.

To, a mazhabar Maliku riƙon yaro, wanda malamai ke kira hadana, haƙƙin uwa ne bayan rabuwa. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwa ta auri wani bare ta tare, riƙo ba ya tsallakawa zuwa ga uba nan take. Ya kan koma ga kakar yaro ta wajen uwa, in babu sai innarsa, watau 'yar'uwar uwa, kana a gangaro dangin uba. An kuma gindaya wa mai riƙo sharuɗɗa: ya zama mai hankali, mai amana, mai iko da ɗawainiya, mai matsuguni amintacce. In namiji ne, lalle ya kasance yana da macen da za ta kula da yaron.

Uba kuwa ba a kore shi ba. Ciyarwa da tufatarwa suna wuyansa gwargwadon ƙarfinsa, ko da yaron yana gidan wasu. Shi ne waliyyi. Muhtasar ya bayyana cewa yana da ikon ya riƙa duba ɗansa, ya yi masa tarbiyya, ya kuma aika da shi makaranta. Watau malaman nan, tun shekaru ɗari shida da suka wuce, sun raba aikin kashi biyu: kwana da reno a wajen uwa, ciyarwa da karatu a wuyan uba. In kuma ɗayansu zai yi ƙaura mai nisa, sun sa iyaka, baridi shida, kimanin mil 72. In uwa za ta ƙaura nisan haka riƙo ya fita hannunta, in uba ne zai ƙaura don zama yana iya tafiya da ɗansa. Daga Ɗambatta zuwa birnin Kano bai kai wannan nisa ba, zuwa Kaduna kuwa ya wuce.

Cikin Muwaɗɗa akwai labarin Sayyadina Umaru da ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, uwar ɗansa Asimu. Wata rana ya iske yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya aza bisa dabbarsa. Kakar yaron ta biyo shi, suka kai ƙara gaban Sayyadina Abubakar, ya hukunta a bar mata yaron. Umaru bai ja ba. In Umaru ɗan Haɗɗabi ya haƙura ya bar ɗansa a hannun surukarsa, wane ne cikinmu zai ce yin haka ƙasƙanci ne?

Me Ya Sa Al'ada Ta Rinjayi Littafi?

Amsar tana gona. Cikin 1965 wasu malamai biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Mortimore da Wilson, suka buga binciken da suka yi kan ƙasar da ta kewaye birnin Kano. Sun nuna cewa saboda yawan jama'a, kusan kowace gona a kan nome ta kowace shekara ba hutu, taki ne kaɗai ke riƙe da ita. Tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa su ke yi, gonaki kuwa sai tsagewa a wajen rabon gado. A ƙasa irin wannan, yaro ɗan shekara tara ba baki ne kawai ba, hannu ne. Shi ke yankan ciyawa wa awakin da aka ɗaure da damina, shi ke kora jaki da mangalar taki da rani, shi ke bin manya da iri ranar shuka. Yarinya kuma ita ce ƙafar matar kulle, ita ke kai mata tallan ƙuli-ƙuli da fura, ta sayo mata cefane. Saboda haka uban da ya ce ba zai bar ɗansa ba, ba kullum mugunta ce ke sa shi ba. Gandunsa ya ke dubawa.

Ya kamata kuma a saurari hujjarsa. Zai ce: "Hatsin da na girbe da ƙyar ya ke isan tukunya ɗaya, yaya zan raba shi tukunya biyu? In na aika da gero gidan surukaina, wa ya tabbatar mini cikin ɗana zai shiga? In yaro ya tashi can, yaushe zai san iyakar gonar ubansa, yaushe zai saba da 'yan'uwansa da za su yi gado tare?" Waɗannan maganganu ne masu nauyi, kuma duk shirin da bai amsa su ba takarda ce kawai, iska za ta kwashe.

Amma a duba abin da ke faruwa in an bi son uba shi kaɗai. Kaka na yi, ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal. Yaron da ya rantse ba zai rabu da shi ba ya rage a hannun matar da ke da nata 'ya'yan. Ba mu ce kowace kishiyar uwa azzaluma ce ba, akwai waɗanda suka riƙi ɗan kishiya fiye da nasu. Amma in tuwo ya yi kaɗan, ko kuɗin littafi ya ishi yaro ɗaya tak, kowa ya san wanda za a fara tsallakewa. In rigima ta yi yawa a gida, hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa yaro da wani malami mai tafiya gabas, yarinya kuma a kai ta birni aikatau. Cikin 2020, lokacin annobar korona, da gwamnatocin Arewa suka yi ta mai da almajirai jihohinsu a manyan motoci, kowa ya ga irin ƙananan yaran da ke kwana nesa da uwa, nesa da uba.

Cunkoson Da Ya Zama Rahama

Wannan cunkoso na ƙasarmu da ya kawo matsin gona, shi ne kuma ya kawo sauƙin maganin. A nan unguwa na ganin unguwa. Mutum ya kan auro daga ƙauyen da a ke jiyo kiran sallarsa, ko wanda su ke cin kasuwa ɗaya. Saboda haka sau da yawa gidan uba da gidan kakanni na wajen uwa tafiyar ƙafa ce, makaranta ɗaya ma ke tsakaninsu. Rabon aikin nan da malaman Malikiyya suka yi, kamar don ƙasarmu aka yi shi.

Mun ga an gwada. A wata makaranta ta arewacin Ɗambatta wani yaro ɗan aji huɗu ya ɓace daga rajista bayan an saki uwarsa. Hedimasta bai soke sunan ba. Ya hau kekensa ya bi sawu, ya iske yaron yana kiwon awaki, ya kuma ji cewa da an gama girbi za a ba da shi ga wani malami. Bai yi gardama da uban ba, sai ya kai maganar gaban dagaci. Dagaci ya kira liman, da uban, da kawun yaron, kakar kuma ta zauna daga bayan ƙofar zaure. Liman ya bayyana hukunci. Uban ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na jayayya da Iya, ita ma ta haife ni. Amma ba ni da wani namiji sai shi." Dagaci ya ce, "Malam, ba wanda zai raba ka da ɗanka. Kwana kawai za a raba." Aka daidaita a kan yaro ya kwana wurin kakarsa, Asabar da Lahadi da lokacin hutu ya zo gonar ubansa, Sallah ƙarama a nan babba a can. Uba zai kai dammunan gero da aka ƙayyade bayan girbi, ya ɗinka kayan makaranta. Hedimasta ya yago takarda daga littafin rubutu ya rubuta kashi uku, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Yaron ya gama aji shida.

A wata makarantar kuwa yarinya ce, mai ƙoƙarin lissafi ƙwarai. Malaminta ya jira wata biyu yana cewa za ta dawo. Ko da ya tashi tambaya, uwa ta yi aure a wani gari, uba ya tafi kudu, yarinya tana birni tana wanke-wanke a gidan da ko kakarta ba ta san unguwar ba. Bambancin labarin nan biyu ba arziki ba ne, gama duka gidajen talakawa ne. Bambancin shi ne, a na farko wani ya tilasta aka zauna da wuri.

Shawararmu

Cikin watan Fabrairu 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba da labarin ana shirya kundin dokar iyali wanda zai tattara hukunce-hukuncen aure da saki da ciyarwa da haƙƙin 'ya'ya. Jama'a suka kama maganar ƙarin aure suka yi ta gardama, aka mance da sauran. Ƙasar Maroko, wadda ita ma Malikiyya ce, ta yi nata kundin cikin 2004. A can saki sai ta hannun kotu, kuma sai miji ya ajiye haƙƙin mata da na 'ya'ya kafin a ba shi izini, yaron da ya kai shekara 15 kuwa shi ke zaɓen wanda zai zauna wurinsa. Ba mu ce a kwafo nasu dukansa ba. Amma akwai abin da ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makaranta za su iya somawa ba tare da jiran sabuwar doka ba.

Na ɗaya, kada takardar saki ta fita ita kaɗai in akwai 'ya'ya. A haɗa ta da takardar riƙo, a gaban mai unguwa da liman da waliyyan ɓangare biyu. A rubuta abu biyar: inda yaro zai kwana, wanda zai karɓe shi in uwa ta yi aure, abin da uba zai bayar, dami nawa ko kwano nawa, kuɗi nawa, a wane lokaci, sunan makarantarsa, ta boko da ta allo, da ranakun da zai je wa ɗayan iyayen. A auna ciyarwa da hatsi ya fi, gama kuɗi na faɗuwa, kwanon gero kuwa kwano ne.

Na biyu, muna roƙon magatakardan kotu, duk shari'ar aure da ta zo gabansu su tuna wa alƙali da tambayar 'ya'ya kafin a rufe littafi, ko da matar ba ta tayar ba. Mun riga mun faɗi abin da ke ɗaure mata baki.

Na uku, hedimastoci kada su soke sunan yaro sai sun san inda ya ke. Mako biyu ya isa a bi sawu. In ƙaura ta zama tilas, a ba shi takardar canjin makaranta mai nuna ajinsa, a kuma rubuta wa makarantar da zai koma. A tuna cewa tun 1991 Kazaure tana Jihar Jigawa, saboda haka yaron da ya bi uwarsa 'yar tafiya kaɗan daga Ɗambatta ya fita daga lissafin jiha ɗaya, in ba a rubuta ba kuwa bai shiga na ɗayar ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, ba ta ware ɗan sakakkiya ba.

Na huɗu, masu shirya auren zawarawa, yadda su ke gwada lafiyar ango da amarya, haka ya kamata su tambayi kowace bazawara 'ya'yanta nawa, a hannun wa za su zauna. Ranar tarewarta ita ce ranar da riƙo ke sauya hannu. Kada a gyara gida ɗaya a bar yara a titi.

Na biyar, yaron da ya yi wayo a ji ta bakinsa, amma a keɓe, wurin malaminsa ko wata tsohuwa da ya yarda da ita. Kada a tsai da shi tsakiyar zaure a ce ya zaɓa tsakanin uwa da uba. Wannan nauyi ne na manya.

Wani zai ce takarda ba ta cika rumbu. Gaskiya ne. Uban da ba shi da shi ba zai bayar ba, ko an rubuta da ruwan zinariya, shari'a ma ba ta ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma alkawarin da aka yi gaban dagaci da liman yana da wuyar musu, kuma mutumin ƙauye yana jin kunyar a ce ya ci amanar abin da ya dangwala wa hannu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Haka maganar riƙo: makon farko na rabuwa a ke gyara ta, kafin uwa ta yi nisa, kafin uba ya tafi cin rani.

Aure ya kan mutu, amma haihuwa ba ta mutuwa. Muna fata malamai da ma'aikata da suka karanta wannan za su kai maganar gaban hakimai da dagatai da limaman ƙasarsu, kuma duk wanda ya ga an gwada wani shiri ya yi kyau a garinsu, ya rubuto domin saura su amfana. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu fita haƙƙinsu, amin.